Ranar da Doksu Ya Yi wa Yayansa Kwanto

Suna tsakiyar matakala gwiwar Bang Doksu ta fara yi masa tsiya, amma bai yarda ya nuna ba. Hannun Pyo Mansik na dama, wanda ya shanye, yana rataye a wuyan Doksu, shi kuma ya riƙe ƙugun tsohon ta baya yana ɗaga shi taki bayan taki. Zafin birnin Daegu na tsakar rana ya riga ya jiƙa musu riguna, ga kuma tururin da shagon miyar ƙashi na ƙasa yake turo musu kamar da gayya. Wanda ya gina benen nan bai taɓa tunanin zai tsufa ba.

A inda matakalar ta karya kwana Pyo ya ce a tsaya. Doksu ya ɗauka numfashi zai mayar. Sai ya ga tsohon yana ta kokawa da harshensa, yana tattaro magana.

"Doksu. Yau ce... ta ƙarshe."

Da ƙyar, kalma tana jiran kalma, ya gaya masa sauran. Ɗansa da ke garin Suwon ya samo masa gado a wani gidan jinyar tsofaffi, cikin makon nan zai zo da mota. Doksu ya san maganar gidan nan. Ranar da aka fara kawo ta, kofi Pyo ya jefi bango da shi da hannun hagu, ya ce gawarsa ce za ta bar Daegu. Yau ga shi da bakinsa yana cewa ya yarda, kuma ko haushi babu a muryarsa. Doksu ya ce haba Yaya, teburin kartarmu fa? Pyo ya ce wane tebur, a ci gaba da hawa.

Wanda bai san Pyo Mansik kafin ciwon nan ba, bai san shi ba. Direban tasi ne shekara da shekaru, bakinsa ya fi hon ɗin motarsa ƙara. Shi ne na gaba da Doksu a aikin soja, tun can Doksu yake ce masa Yaya, kuma har yanzu da furfura ta gama da su duka biyun, in Pyo ya zuba masa giyar shinkafa da hannu biyu yake karɓa, ya kau da fuska kafin ya sha. Shi ne ya janyo shi daga shagonsa na wanki da guga zuwa wasan kartar poka na Asabar a wurin Madam Seok, a saman benen nan. Ba a cin kuɗin kowa a can. Ka biya na shiga da na abin sha, a ba ka kwabban roba, wanda ya kwashe na kowa ya tafi gida da kwalin tuffa. Amma in ka ga yadda tsofaffin nan suke kumfar baki a kan kwalin, sai ka rantse gida da gona ake rabo.

Da zagi Pyo ya koya wa Doksu wasan, kamar yadda ya koya masa goge bindiga. Yakan ce kowa da kartarsa biyu a kife, wannan ba komai ba ne, wasa ba ya farawa sai an buɗe ukun nan na tsakiyar tebur, fulof. In fulof ya yi maka kyau kuma kai ne za ka fara magana, hanya biyu gare ka. Ko ka zuba kwabbai kai tsaye, ko ka ƙwanƙwasa tebur kamar ba ka da ko sisi, ka bar na bayanka ya zuba, sannan ka ɗaga masa, ka zuba fiye da nasa. Wannan ta biyun yake kira kwanto, kuma ya fi sonta da abinci. In ukun tsakiya suna bin juna a jere ko zanensu ya zo ɗaya, yakan ce, kada ka yi wayo, ka zuba, don kartar da ka bari aka buɗe kyauta ita za ta yanka ka. In kuwa sun warwatse, ba abin da za ka ji tsoro, to ka kwanta. Amma kafin ka kwanta ka dubi mutumin da ke bayanka. Matsoraci shi ma ƙwanƙwasawa zai yi, ku zauna kuna kallon juna, ka yi asarar hannunka a banza. Sai wanda ka tabbata in ya ga rauni zai kai cizo. Doksu ya sha kwanto a hannunsa har ya daina jin zafi, kuma kowane karo sai Pyo ya bi shi da dariya yana ce masa jakin guga.

Lokacin ƙanƙarar bara jijiya ta tsinke wa Pyo a ka. Da sanyi ya wuce aka sallamo shi, rabin jiki babu, rabin baki a karkace. Matarsa, Yeom Sunja, ita ta zo shagon Doksu da ƙafarta, ta tsaya tsakanin rigunan mutane da ke rataye, ta ce likita ya ja kunne a kan hawan jini, ɓacin rai ɗaya ya isa. Ta ce za ta bar shi ya koma wasan, don zaman gida yana cinye shi, amma da sharaɗi. "Ku bar shi ya ci. Me zai rage ku da shi?" Doksu ya rusuna ya ce an gama, matar Yaya. Bayan ta tafi ya kunna tururin guga ya yi kukansa a ciki. Kafin Asabar ya bi 'yan teburin ɗaya-ɗaya ya gaya musu.

Allah sarki, da kyakkyawar niyya suka kashe shi. Da Pyo ya turo kwabbai sai kowa ya jefar da kartarsa ya bar masa. Doksu ya taɓa jefar da sarki biyu yana hamma. Makon farko tsohon ya yi murmushi da rabin bakin da ya rage, ya ce har yanzu suna tsoronsa. Amma ciwon jiki ya ci, bai taɓa ƙwaƙwalwa ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana karanta fasinja ta madubi ai ba za a daɗe ana yi masa wasan yara ba. Malam No, tsohon shugaban makaranta, shi ya ƙarasa ɓata abin. Ya ga jefarwa kawai ba ta isa ba, sai ya ɓullo da ɗagawa da kartar banza don kwabbansa su tafi wurin Pyo da yawa, sannan ya dafe kai yana cewa kash, Malam Pyo ya kama shi. Tuffa ta cika gidan Pyo har Sunja tana raba wa maƙwabta. Shi kuwa ya daina zagi, daga baya ya daina ɗaga ido daga tebur.

Yau ma haka aka zauna. Madam Seok tana raba karta, fanka tana juyawa, ga shayin sha'ir mai sanyi a gaban kowa. Labarin Suwon ya riga ya zaga, don haka kowa yana lallaɓa tsohon fiye da kullum, ana tura masa faranti, ana gyara masa kujera. Pyo yana leƙa kartarsa da hannun hagu ya ture, ya leƙa ya ture. Doksu yana kallonsa, haushin kowa yana cinsa, nasa ya fi.

Can wani zagaye Pyo ya leƙa, ya ɗan tsaya, ya turo kwabbai ba tare da ya dubi kowa ba. Nan da nan kartoci suka fara zuba gaban Madam Seok. Saura Doksu. Ya ɗaga gefen nasa, duka biyun bakwai-bakwai ne. Hannunsa har ya ɗauko hanyar jefarwa don sabo, sai ya tsaya. Shi kansa bai san abin da ya tsayar da shi ba. Ya biya, ya ce ya bi.

Madam Seok ta buɗe uku a tsakiya. Sarki, bakwai, biyu, kowanne zanensa daban.

Bakwai uku ke nan a hannun Doksu, a fulof da ba jere ba haɗi, kuma shi ne zai fara magana. Da a ce wani ne a bayansa, da ko tunani ba zai yi ba.

In ya zuba kai tsaye, ya san yadda za a ƙare. Watanni ke nan bai taɓa zuba wa Yaya ko kwabo ba, ranar da ya zuba kuwa ko makaho ya san ya riƙe abu. Yaya zai jefar, ya yi asarar ɗan kaɗan, a tashi lafiya, a kai shi Suwon lafiya. In kuma ya ƙwanƙwasa ya jefar kamar kullum, ya cika alkawarin da ya yi wa Sunja, Suwon ɗin dai za a tafi. Hanya ta uku, kwanto, ita ce ta fi haɗari. Ya dubi jijiyar da ke gefen goshin tsohon, ya tuna ɗakin asibiti da robar da aka zura masa a hanci. Mutum yana iya faɗuwa a kujerar nan saboda kwabban roba, kuma shi Doksu zai ɗauki wannan har kabarinsa. Da wane ido zai dubi matar Yaya?

Amma akwai abin da ya fi wannan ba shi tsoro, kuma sai da ya zo kansa ya gane. Kwanto ba ya yiwuwa sai na baya ya kai cizo. In ya ƙwanƙwasa, Yaya ma ya ƙwanƙwasa fa? In tsohon ya ga rauni a fili ya kasa ko miƙa hannu, to ba sai an jira motar Suwon ba, mutumin da ya sani ya riga ya tafi. Doksu ya ga yana son ya san wannan, ko da sanin zai yi masa ciwo.

Ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa biyu.

Pyo ya daɗe bai motsa ba. Yana kallon sarkin da ke tsakiya kamar ya manta inda yake. Madam Seok ta buɗe baki za ta tuna masa, ta fasa. Sai hannun hagun nan ya taso a hankali, ya kamo tsibin kwabbai, ya turo. Tsibin ya rushe a hanya, Madam Seok ta tattara masa. Kwatankwacin rabin abin da ke tsakiya ya zuba, daidai yadda yake zubawa tun da can, ba ƙari ba ragi. Daɗi ya kama Doksu har sai da ya sunkuyar da kai don kada a gani.

Ya ware ninki uku na abin da Pyo ya zuba. Da hannu biyu ya tura su, ya ɗan taso daga kujera, yadda ƙarami yake miƙa wa babba abu.

"Na ɗaga, Yaya."

Malam No ya gyaɗa kai, ya kashe masa ido. Madam Seok ta yi murmushin tausayi. Sai a lokacin Doksu ya fahimci abin da suke gani: sun ɗauka irin ta Malam No yake yi, yana zuba wa tsoho kwabbai don ya tafi da kwalin ƙarshe. Ya dubi Pyo, ya ga shi ma abin da ya ɗauka ke nan. Bai taɓa ganin raini irin wanda ya gani a idon nan ba.

"Har da kai," in ji Pyo. "Kyautar... sallama ce?"

Doksu ya kau da ido, don duk abin da ya faɗa zai tona shi.

Pyo ya sa tsintsiyar hannunsa ya share duk abin da ke gabansa zuwa tsakiya, wasu kwabban har suna gangarawa ƙasa. Ya juyo kartarsa sama, sarki da sarauniya, da sarkin tsakiya ya zama sarki biyu. Hannu mai kyau, ba laifi. Ya ce tun da sadaka ake yi a kawo duka, Doksu ya buɗe shararsa a gani.

Har a nan Doksu yana da ƙofar fita. Zai iya tura kartarsa a kife ya ce Yaya ya kama shi, ba wanda zai taɓa sani. Ya tura kwabbansa ya ce ya bi, ya ajiye bakwai biyun a fili kusa da ta ukun.

Madam Seok ta dubi Doksu, ta dubi kartar, ta ga ba yadda za ta yi, ta buɗe karta biyun da suka rage a ajiye a tsakiya. Ba su zo wa tsohon da komai ba. Pyo Mansik, wanda tun dawowarsa bai taɓa tashi ba kwali ba, shi ne farkon wanda aka fitar yau.

Fuskarsa ta yi ja tun daga wuya. Jijiyar nan ta goshi ta taso tana bugawa. Malam No ya laluba aljihu ya ciro waya, yana yi wa Doksu kallon wanda ya kashe mutum, kuma Doksu bai ga laifinsa ba. Bakin tsohon yana rawa, yana buɗewa yana rufewa. Doksu ya taso zai tare shi.

"Ɗan iska," in ji Pyo.

Zagin ya fito sarai, ba gargada. Daga nan kamar an ɓalle famfo. Ya zagi Doksu, ya zagi shagonsa, ya zagi dutsen gugarsa, ya ce tun a bariki ya san munafuki ne, mai fuskar salihai. Rabin zagin ba a jin sa sosai, amma wanda ake ji ya isa. Malam No ya ce a yi haƙuri, Malam Pyo, jininka. Pyo ya ce ya rufe masa baki, shi da ko ƙarya bai iya ba. Ya dafa tebur ya ce a saukar da shi daga wurin nan.

A matakala ya ƙi ba Doksu hannu. Ya kama ƙarfen gefe da hagu yana jan ƙafa, Doksu yana gabansa da baya-baya, hannuwa a buɗe, ko da zai zame. Sun yi nisa a haka kafin Pyo ya tsaya, yana haki. Ya daɗe yana duban Doksu daga sama.

"Tun yaushe?"

Doksu ya ce tun yaushe me, Yaya.

"Kar ka raina min hankali. Duk jefarwar nan... da ka yi ta yi min. Tun da na dawo. Ka sa na saki jiki... na ɗauka tausayi ne." Ya haɗiye yawu. "Shiri ne?"

Doksu ya gane abin da ake tambayarsa. Ya ga idon tsohon yana ƙyalli, ya ga kuma tsoro a bayan ƙyallin. Gaskiyar tana nan a bakinsa, ba ta da wuyar faɗa: tausayi ne, Yaya, tausayi zalla, har kuka na yi. Mutum ne da bai saba yi wa Yaya ƙarya ba ko a kan kuɗin mota.

"Shiri ne, Yaya."

"Don zagaye ɗaya," in ji Pyo.

"Na san wata rana zai zo. Ka yi min kwanto da yawa."

Pyo ya tambaya ko har da No aka haɗa baki. Doksu ya ce a'a, Malam No bai san komai ba, shi da gaske tausayi yake ji. Pyo ya ce dama ya sani, wannan wawa ne tun asali. Sai wata ƙara ta fito daga ƙirjinsa, Doksu ya tsorata kafin ya gane dariya ce. Da kansa Pyo ya ɗago mataccen hannun da mai ran, ya ɗora a wuyan Doksu, ya ce a ƙarasa.

Sunja tana ƙofar shagon miya ƙarƙashin lema, tana jiran a tashi kamar yadda ta saba. Da ta gan su tun rana ba ta karya ba, ba kwali, fuskar mijinta ja wur, sai lemar ta kusa suɓuce mata. Ta tambayi abin da ya faru. Pyo bai bar Doksu ya buɗe baki ba. Shi ya ba ta labari, da hannu da ido, yadda macijin nan ya kwanta masa wata da watanni, yana yi masa fuskar tausayi, yana jiran ranar da zai haɗiye shi gaba ɗaya a gaban mutane. Yana faɗa kamar mai ba da labarin ɗansa ya ci jarrabawa.

Sunja ba ta ji wannan ba. Jijiyar goshin take kallo. Ta juyo ga Doksu, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Har shagonka na zo na roƙe ka. Ka ce min an gama."

Doksu ya dubi ƙasa. Kalma ɗaya za ta wanke shi a wurinta, kuma kalmar nan ce ba zai iya faɗa ba, ga Yaya a rataye a wuyansa yana saurare. Ya ce ta yi haƙuri, matar Yaya.

Ta tsayar da tasi. Doksu ya shigar da tsohon, ya ɗaga masa ƙafar da ba ta ɗaguwa, ita ko kallonsa ba ta yi. Tun kafin a rufe ƙofa Pyo ya ce ta kira yaron nan na Suwon ta ce kada ya ɓata man motarsa, ba inda za shi ya bar jakin guga yana yi masa dariya a gari, sai ya rama. Sunja ta tsaya da hannu a kan murfin mota, ta dubi mijinta, ta daɗe. Sannan ta ce wa Doksu kada ya ƙara taka mata gida.

"Zai taka," in ji Pyo daga ciki. "Wa zai hau da ni... ranar Asabar?"

Ta shiga ta ja ƙofa. Motar tana tashi ana jin muryar tsohon yana gaya wa direba ba ta nan ake bi ba, wa ya ba shi lasisi.

Doksu ya rusuna musu a bakin titi, cikin ranar nan. Bai ɗago ba sai da motar ta sha kwana, don kada Yaya ya waigo ya ga fuskarsa.